Yadda miji da mata za su fita ƙasar waje da kuɗi kaɗan, daga kasafi har lissafin dawowa

Tambayar da ma'aurata suka fi yawan yi mana ita ce: nawa zai ishe mu mu biyu mu fita waje, mu yi mako guda, mu dawo? Lamba ɗaya ba za ta amsa wannan ba, domin kuɗin tikiti da na otal kullum cikin hawa da sauka suke. Abin da ke zaune daram shi ne tsarin aikin: me ake fara yi, me ake jinkirtawa, kuma ta ina kuɗi ke zurarewa ba a ankara ba. Duk ma'auratan da suka baje rasit ɗinsu bayan dawowa abu guda suke gani. Wasu kuɗaɗen kai-kai ake biyansu, suna ninkuwa biyu, wasu kuma sau ɗaya ake biya ku biyu ku mora. Sauƙin tafiyar yana wajen danne na farkon da cin moriyar na biyun. Ga matakan bi da bi.

1. Ku yanke iyakar kuɗi kafin ku zaɓi ƙasa

Maigida da uwargida su zauna da takarda da biro su fitar da lamba ɗaya: abin da za a iya kashewa gaba ɗaya ba tare da an taɓa kuɗin haya, na makarantar yara ko na cefanen watan dawowa ba. Wannan lambar ce za ta zaɓi ƙasar da za a je. Daga cikinta a cire kashi 15 cikin 100 a ajiye gefe, kuɗin ko-ta-kwana ke nan, na ranar da jirgi ya bar ku ko ɗayanku ya kwanta rashin lafiya.

A zaman nan ne kowa zai faɗi abu ɗaya da in bai samu ba tafiyar ba ta yi masa rana ba. Wata ita kasuwa take son zagayawa, wani shi bakin teku ko filin ƙwallo. Waɗannan biyun a sa musu kuɗi tun yanzu, sauran duk a iya haƙura da su. A kuma ware wa kowa ɗan kuɗin aljihu daidai wa daida, wanda ba wanda zai tambayi ɗan'uwansa me ya yi da shi. Yawancin ɓacin ran da ake samu a hanya daga ƙananan sayayya yake fitowa, kuma wannan kaɗai yana kashe shi.

Gargaɗi: kada a ci bashi don yawon shaƙatawa. In kuɗin bai kai ba, a rage kwanaki ko a ɗaga tafiyar.

2. Ku raba kasafin gida biyu

A gefen dama na takarda a rubuta kuɗin kai-kai: tikitin jirgi, biza, inshora, allurar rigakafi, kuɗin shiga wuraren kallo, katin bas da jirgin ƙasa, abinci a waje. A gefen hagu a rubuta na tarayya: ɗakin kwana, tasi, akwatin da ake aunawa, data, da kayan abincin da aka sayo a kanti.

Wannan rabon yana sauya shawara da yawa. Tasin da ya yi wa mutum ɗaya tsada yana iya zuwa daidai da tikitin jirgin ƙasa guda biyu. Ɗakin da ya ɗan fi tsada amma yana da wurin girki yana rage kuɗin abinci, wanda shi ninkuwa yake yi sau uku a rana. Haka nan tikiti da biza ba su san yawan kwana ba: ko kwana 3 kuka yi ko 10, kuɗin ɗaya ne. Saboda haka ƙasa mai nisa ba a zuwa mata don kwana 3.

Lissafin ƙarshe shi ne: a cire tikiti, biza, inshora, masauki da kuɗin ko-ta-kwana daga jimlar, abin da ya rage a raba shi da yawan kwanaki. A ce yuro 560 ya rage na kwana 7, to yuro 80 ke nan a rana ku biyu, wato 40 kowa. In wannan lambar ba za ta ciyar da ku ta kai ku wurare a garin da kuke so ba, garin za a sauya.

3. Zaɓen ƙasa da lokaci

A fara da jerin ƙasashen da fasfo ɗinku ke shiga ba biza, ko a ba da ita a filin jirgi, ko a nema ta intanet. A duba wannan a shafin ofishin jakadancin ƙasar ko na hukumarta ta shige da fice, domin dokokin suna sauyawa kuma tsofaffin bayanai sun cika intanet. In fasfo ɗin miji da na mata ba na ƙasa ɗaya ba ne, a duba kowanne daban.

Sai tsadar rayuwa a can. Tikiti mai araha zuwa gari mai tsada sau da yawa ya fi cin kuɗi a kan tikiti mai ɗan tsada zuwa gari mai sauƙi. Abin da za ku kashe a rana guda a Landan ko Zurik zai kai ku kwanaki a Alƙahira ko Kwala Lamfur.

Lokaci kuma, a Turai watannin Yuli da Agusta da ƙarshen Disamba su ne na cunkoso da tsada. Afrilu, Mayu, Oktoba da Nuwamba sun fi sauƙi. A ƙasashen yankin Gulf farashin otal yana karyewa a tsakiyar shekara, amma zafi yana haura digiri 40, kuma abin da kuka rage a ɗaki kuna iya mayar da shi a tasi tunda tafiya a ƙafa ba za ta yiwu ba.

Shawararmu ga tafiyar mako guda: gari ɗaya, in an matsa biyu. Kowace ƙaura tana cin tikiti biyu da rabin yini.

4. Fasfo, biza da sauran takardu

Nan ne ba a fafe gora ranar tafiya. A fara wata uku kafin ranar tashi.

Fasfo: ƙasashe da yawa, irin su Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Malesiya da Indunusiya, suna son ya rage aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. Yankin Shengen na Turai, mai ƙasashe 29 da ake shiga da biza ɗaya, yana son ya rage wata 3 bayan ranar da za ku fita, kuma a ce an ba da shi cikin shekara 10 da suka wuce, da shafi biyu da ba a buga komai ba.

Biza: kowa da takardar nemansa da kuɗinsa, ko da tare kuka je. Ta Shengen yuro 90 ce ga babba tun watan Yunin 2024, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu. Ana iya nema tun wata 6 kafin tafiya, ana yanke hukunci yawanci cikin kwana 15, amma yana iya kaiwa 45. Ana nema ne a ofishin ƙasar da za ku fi daɗewa a cikinta. Sharaɗi ne a haɗa da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. Birtaniya da Ayalan ba sa cikin Shengen, bizarsu daban ce.

In ɗayanku ne zai ɗauki nauyin tafiyar, ya rubuta wasiƙa yana faɗin haka, a haɗa da takardar shaidar aure da bayanan asusunsa na watannin baya. Kada a zuba wani babban kuɗi a asusun ana gobe za a ciro bayanan. Jami'in biza yana duba shigar kuɗi da fitarsa wata-wata, kuma kuɗin da ya faɗo dare ɗaya ba bayani yana jawo a ƙi.

Gargaɗi: in an hana biza ba a mayar da kuɗinta. Don haka kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. A kama kujera da ɗakin da za a iya sokewa kyauta, a miƙa shaidarsu, in ta fito sannan a biya.

Katin allurar shawara: in kuna fitowa daga ƙasar da ake samun cutar, ko kun yada zango a cikinta, ƙasashe da dama za su nema. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi na har abada, saboda haka wanda ke da tsohon kati ba ya buƙatar sabo.

Takardar shaidar aure ta asali ta shiga jakar hannu, musamman in sunayenku na ƙarshe ba ɗaya ba ne. Akwai ƙasashen da otal yakan nema kafin ya ba ku ɗaki ɗaya. A ɗauki hoton kowace takarda, kowa ya ajiye nasa da na abokin zamansa a waya, a kuma buga kwafi a takarda.

5. Sayen tikitin jirgi

A yi bincike a shafukan kwatanta farashin tikiti irin su Google Flights ko Skyscanner, a buɗe jadawalin wata guda a ga ranar da ta fi sauƙi, sannan a je shafin kamfanin jirgin a saya kai tsaye in bambancin bai taka kara ya karya ba. In an samu matsala, kamfanin da kuka saya a hannunsa ya fi saurin gyarawa a kan dillali.

A nemi farashin mutum ɗaya, a sake neman na mutum biyu. Wani lokaci kujera ɗaya ce ta rage a farashi mai sauƙi, kuma in kun nemi biyu tare sai a ɗora ku duka a farashi na sama. Duk da haka, in bambancin kaɗan ne, ku sayi tikitin ku biyun a haɗe a saye ɗaya, domin in an soke jirgi a sauya muku tare.

Gargaɗi kan suna: sunan da ke tikiti ya zama harafi da harafi irin na fasfo. In uwargida ta koma amfani da sunan miji amma fasfonta na ɗauke da sunan mahaifinta, na fasfon za a rubuta. Gyaran suna yana cin kuɗi, wasu kamfanonin ma sai dai a sayi sabon tikiti.

Kamfanoni masu araha irin su Ryanair da Wizz Air ƙaramar jakar da ke shiga ƙarƙashin kujera kawai suke ɗauka kyauta. Akwati kuɗi ne, zaɓen kujera kuɗi ne, kuma in ba ku yi rajistar shiga jirgi ta intanet ba, a filin jirgi sai kun biya. In ba ku biya kuɗin kujera ba, ana iya raba ku wurin zama. A tafiyar awa biyu ana iya haƙura, a doguwa kuwa ku sa shi a lissafi. A kuma duba filin da jirgin zai sauka: Beauvais yana da nisan kusan kilomita 85 daga Faris, Hahn kuwa kusan kilomita 120 daga Frankfurt. Kuɗin bas ɗin mutum biyu zuwa da dawowa yana iya cinye rangwamen gaba ɗaya.

Yada zango shi ne inda ake yawan yin asara babba. A kula da abubuwa huɗu. Na ɗaya, wasu fasfo suna buƙatar bizar wucewa ko da ba za a fita daga filin jirgi ba, a Birtaniya da ƙasashen Shengen. A Amurka kuwa duk mai wucewa sai ya bi ta hannun jami'an shige da fice da izinin shiga. Na biyu, in tikitin ya tsaya a garuruwan Shengen biyu a jere, jirgin da ke tsakaninsu na cikin gida ne, sai da cikakkiyar biza. Na uku, in za a sauka a wani fili a tashi a wani, kamar Heathrow da Gatwick a Landan, ko filayen Istanbul biyu, shiga ƙasa ke nan. Na huɗu, in tikiti biyu ne daban aka haɗa muku, ku za ku ɗauko kayanku ku sake aunawa, kuma in na farko ya makara, na biyun ba ruwansa. A irin wannan a bar tazarar aƙalla awa 4.

Kada kuma a ƙi hawa zangon farko da nufin a hau na biyu. Da zarar ba ku bayyana ba, ana soke sauran tikitin har da na dawowa.

In uwargida tana da juna biyu, yawancin kamfanoni suna neman takardar likita daga mako na 28, kuma ba sa ɗauka bayan mako na 36, ko na 32 in tagwaye ne. A lissafa da ranar dawowa.

6. Masauki

A sa mutum biyu a wurin bincike tun farko, domin wasu otal-otal farashin mutum ɗaya suke nunawa. A duba irin gadon: akwai ɗaki mai babban gado ɗaya, akwai mai ƙananan gadaje biyu. A duba ko banɗaki a cikin ɗakin yake.

Wuri ya fi ƙawa muhimmanci. Ɗakin da ke minti 10 a ƙafa daga tashar jirgin ƙasa ko layin bas ya fi mai araha a bayan gari, wanda kullum sai kun biya kuɗin mota biyu safe da dare. A buɗe taswira a auna tafiyar daga ɗakin zuwa wurare ukun da kuka fi son zuwa. A karanta ra'ayoyin waɗanda suka kwana a watannin baya-bayan nan, a fara da na masu ƙorafi. In mutum biyar sun ambaci hayaniya ko rashin ruwan zafi, gaskiya ne.

A kwatanta jimlar ƙarshe, ba kuɗin dare ɗaya ba. Gidajen da ake haya ta manhajar Airbnb suna da kuɗin shara da ake biya sau ɗaya, wanda ke sa kwana biyu ya yi tsada amma mako guda ya yi sauƙi. Garuruwa irin su Rum da Faris suna karɓar harajin baƙi a kan kowane mutum kowane dare, kuma sau da yawa a otal ake biya. Karin kumallon otal ya cancanta ne kawai in yana cikin kuɗin ɗakin, ko ya fi arahar abin da mutum biyu za su saya a waje.

Gargaɗi: duk wanda ya ce ku bar manhajar kama masauki ku tura masa kuɗi kai tsaye don ya yi muku ragi, kada ku yarda. Da zarar kun fita daga manhajar babu mai bi muku haƙƙinku.

7. Kuɗin hannu da katin banki

A je da kati biyu daga banki biyu, ɗaya a hannun miji ɗaya a hannun mata. A tambayi kowane banki abu uku: ko katin yana aiki a waje, iyakar abin da za a iya kashewa a wata, da abin da suke cira a kan kowace sayayya. A gwada katin da ƙaramar sayayya ta intanet kafin tafiya. In banki yana turo lambar tabbatarwa ta saƙon waya, a tabbata layin zai yi aiki a can, ko a koma karɓarta ta manhaja.

Tsabar kuɗi a raba ta uku: kaɗan a aljihun kowa, sauran a akwatin sirri na otal. A filin jirgi a canza abin da zai kai ku masauki kawai, domin canjin can ya fi ko'ina muni. A wurin 'yan canji a tambayi nawa za a miƙo muku a hannu bayan an cire komai, a ƙirga kafin a tashi.

Ga wata asara da ake yi ba a sani ba. In kun sa kati a na'urar ATM ko ta kanti, tana iya tambaya ko a cire da kuɗin ƙasarku ko da na ƙasar da kuke. Kullum ku zaɓi na ƙasar da kuke. In kun zaɓi naku, kamfanin na'urar ne zai yanka farashin canji ya ɗora ribarsa. A ATM kuma a ciri mai ɗan yawa sau ɗaya, tunda kowace cira da ladanta.

Otal-otal da yawa suna riƙe wani kuɗi a kati ranar shiga a matsayin jingina, kuma sakinsa yana ɗaukar kwanaki bayan kun fita. Kada a ba su katin da kuɗin abincinku ke ciki.

Gargaɗi: wanda ya shiga ko ya fita Tarayyar Turai da tsabar yuro 10,000 ko fiye dole ya bayyana wa kwastam. A Amurka abin da ya haura dala 10,000 ne, kuma na iyalin da ke tafiya tare haɗa shi ake yi.

8. Kaya, magani da waya

Akwati ɗaya na aunawa ya ishi mutum biyu mako guda. Yawancin kamfanoni kilo 23 suke ba akwati, kuma in dokar tikitinku ta ƙidayar akwati ce, ba a haɗa kilon miji da na mata a zuba a guda. A auna a gida. Kowa ya sa kayan sawa na kwana ɗaya a jakar hannunsa, saboda ranar da akwati ya makara.

Abu mai ruwa a jakar hannu kada kwalbarsa ta wuce mililita 100. Batirin ajiyar caji a jakar hannu yake tafiya, ba ya shiga akwatin aunawa. A sayi mahaɗin soket ɗaya da ya dace da ƙasar, a haɗa da caja mai baki biyu.

Magani ya zauna a kwalinsa na asali tare da takardar likita. Kodin da tiramadol suna ƙarƙashin doka mai tsanani a ƙasashe irin su Daular Larabawa da Masar, kuma ana ɗaure mutum a kansu. Kada kuma a karɓi saƙon kowa a rufe.

Waya: layin data ɗaya ya isa, ɗayan ya jona daga wayar ɗan'uwansa. A sauke taswirar garin a Google Maps tun daga gida don ta yi aiki ba intanet. A kashe datar layin gida kafin jirgi ya sauka. Tunda mutum ɗaya ne ke da data, a rubuta wa kowa adireshin masauki a takarda, a kuma yi alkawarin inda za a haɗu in an rabu a cunkoso.

9. Ranar sauka

Jami'in shige da fice yana iya neman tikitin dawowa, shaidar masauki da ta kuɗin kashewa, wani lokaci kuma ya tambaye ku ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya san sunan otal, yawan kwanaki da ranar komawa. In an buga muku hatimi a fasfo, a duba a ga kwana nawa aka ba ku.

In akwati bai fito ba ko ya fashe, kada a bar zauren kaya sai an cike takardar rahoto a teburin kamfanin. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan sufurin jirgin sama tsakanin ƙasashe, ƙorafin lalacewar kaya ana shigar da shi a rubuce cikin kwana 7, na makara cikin kwana 21. A ajiye rasit na duk abin da kuka saya a madadin kayan.

Hanyar zuwa masauki a san ta tun daga gida. Duk wanda ya tare ku a ƙofar fita yana tallan tasi, a wuce shi a je layin tasi na hukuma ko a kira ta manhaja. Ɗaki yawanci sai ƙarfe biyu ko uku na rana ake ba da shi, amma ana ajiye wa baƙo kaya kafin lokacin.

10. Kwanakin da kuke can

Abinci shi ne babban kuɗin kai-kai na kullum. Karin kumallo da abincin dare a haɗa su daga kanti, a ci na rana a waje, domin a ƙasashe da yawa gidajen abinci suna da farashi na musamman da rana. A yi nisan titi biyu ko uku daga wurin da baƙi ke taruwa kafin a zauna. A karanta ƙasan takardar farashi: a Italiya ana cajin kuɗin zama a kan kowane kai, a Amurka ana sa ran a bar wa ma'aikaci kashi 15 zuwa 20 cikin 100, kuma farashin da ke rubuce babu haraji a cikinsa.

Sufuri: a lissafa hawa nawa za ku yi a rana kafin a sayi katin yini. A Landan kowa sai da katinsa, kuma akwai iyakar kuɗin da ba a cire wa mutum fiye da ita a rana in kati ɗaya mutum ya yi ta amfani da shi. A Italiya da wasu garuruwan Jamus tikitin takarda sai an buga shi a na'ura kafin ya zama halattacce. In an kama ku ba ku buga ba, tarar mutum biyu za ku biya.

Wuraren kallo na kyauta sun fi yadda ake zato yawa. British Museum a Landan da gidajen tarihin Smithsonian a Washintan ba a biyan kuɗin shiga. Jirgin ruwan Staten Island a Niyok kyauta ne, na haya da ke tsallaka mashigin ruwan Bosforos a Istanbul kuwa kuɗin sufurin gari ake biya. A duba ranakun rufewa: gidan tarihin Louvre a Faris da fadar Topkapi a Istanbul ba sa buɗewa ranar Talata, babbar kasuwar Istanbul mai rufi ba ta ci ranar Lahadi. Wuri ɗaya na biya a rana ya isa.

Kowane dare a ɗauki minti biyar a rubuta abin da aka kashe. In an haura yau, a rage gobe. A kuma bar rabin yini ɗaya a tsakiyar mako ba shiri. Gajiya ce ke sa a hau tasi, a ci abinci duk inda aka samu, a kuma yi wa juna magana da zafi.

11. Tsaraba da hanyar dawowa

A rubuta sunayen waɗanda za a yi wa tsaraba da iyakar kuɗinta tun daga gida, a yi sayayyar a kwana biyun ƙarshe bayan kun san farashin gari. A auna akwati a masauki. Ƙarin kilo a saye shi ta intanet, ya fi sauƙi a kan na teburin filin jirgi.

A Tarayyar Turai baƙo yana iya karɓo harajin kayan da ya saya in ya kai adadin da ƙasar ta yanka, amma sai an karɓi takardar a kanti kuma kwastam sun buga mata hatimi kafin kayan su shiga jirgi. Ingila ta daina wannan tun farkon 2021. In jirginku ya tashi daga Tarayyar Turai ya isa a makare da awa 3 ko fiye bisa laifin kamfanin, dokar Tarayyar ta 2004 ta ba kowane fasinja diyyar yuro 250 zuwa 600 gwargwadon nisa. A ajiye katin shiga jirgi na ku biyun.

12. Lissafin bayan dawowa

Cikin makon farko, kafin a manta, a zauna da takardar mataki na 2 da rasit da bayanan banki. A gaban kowane layi a rubuta abin da aka kashe a zahiri. A duba ko otal ya saki kuɗin jinginar, ko an cire wani abu sau biyu, a kuma soke duk wata manhaja ko layin data da ke sabunta kansa. Ƙorafin kaya, diyyar makara da na inshora duk suna da wa'adi, a shigar da su a makon nan.

Sannan a fitar da lambobi uku a ajiye: ainihin abin da kuka ci a rana ku biyu, jimlar kuɗaɗen da ba su cikin kasafi tun farko, da abin da ya rage na ko-ta-kwana. Kowa ya faɗi kashewa ɗaya da ya ga ta cancanta da ɗaya da ba zai sake ba, a rubuta su a bayan takardar. Ragowar kuɗin waje na takarda a ajiye shi in kuna da niyyar komawa, in babu a canza shi. Sulalla kuwa 'yan canji ba sa karɓa, don haka a ranar ƙarshe ake kashe su tun ana can.